Ƙarin garanti a kan PS5, Xbox da Switch: kariya ce ko asarar kuɗi?

Sadiq_Tarauni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu gyara da masu sayarwa da ke cikin wannan zaure ce. Duk wanda ya je sayen na'urar wasan bidiyo PS5 ko Xbox sabuwa a manyan shagunan waje ko a Amazon, kafin ya biya sai an tallata masa ƙarin garanti na shekara biyu ko uku. A nan gida ma akan samu mai shago ya ce ka ƙara wani abu ya ba ka wata shida maimakon wata ɗaya. Shin abin yana da amfani, ko gara a ajiye kuɗin? Ina son amsa da hujja: me ke lalacewa, yaushe yake lalacewa, kuma wa ke biya.

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Sony da Microsoft da Nintendo duk shekara ɗaya suke bayarwa a kan na'urar a Amurka, yana cikin kuɗin da ka biya, kuma abin da ya lalace saboda kuskuren ƙira kaɗai suke ɗauka. Wanda ake sayar maka daban yawanci ba kamfanin da ya ƙera ne ke bayansa ba. Kamfanin inshora ne irin su Asurion ko Allstate, ko shagon da kansa kamar Best Buy da GameStop.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne in an ce shekara uku, galibi daga ranar saye ake fara ƙirgawa. Shekarar farko kuwa dama tana wuyan kamfani, in ka kira su a cikinta da matsalar ƙira sai su tura ka wurin Sony. Ke nan shekara biyu ka saya da sunan uku. Sannan kayan lantarki suna da ɗabi'a sananniya. Wanda ya fito da aibi daga masana'anta da wuri yake nunawa, cikin makonni ko watannin farko. Daga nan sai a shiga dogon lokaci na lafiya, sai can bayan shekaru tsufa ya fara cin fanka da mai karanta faifai. Shekara ta biyu da ta uku suna tsakiyar lokacin lafiyar nan ne. Daidai inda haɗari ya fi ƙanƙanta, nan ake sayar maka da kariya.

Baffa_Manchester:
Ƙari a kan maganar Injiniya ga waɗanda ke Turai. A Tarayyar Turai doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin kaya na shekara biyu, ba tare da ka biya ko sisi ba. A Ingila dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kayan da ya zo da aibi a ba ka kuɗinka. Cikin wata shida na farko ana ɗauka da aibin ta zo, sai dai shago ya tabbatar da akasin haka. Bayan wata shida kana iya neman haƙƙinka har shekara shida, biyar a Sukotland, amma a nan kai za ka kawo hujja, misali rahoton mai gyara. Wurin shagon da ya sayar maka za ka je, ba wurin Sony ba. Mutane da yawa suna biyan kuɗi a kan abin da doka ta riga ta ba su.

Alhaji_MaiKaya:
Duk wannan daidai ne, amma mafi yawan 'yan zauren nan a Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi suke, ba a Manchester ba. Garantin kamfani yana bin yankin da aka sayar da na'urar ne. Ku juya PS5 ɗinku ku duba lambar samfuri. Wadda ta ƙare da 15, kamar CFI-1215A ko CFI-2015, ta Arewacin Amurka ce. Mai 16 ta Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ce. Mai 00 ta Japan ce. Kayan da ke kan tebur a kasuwannin Alaba da Computer Village da Banex da Farm Centre gauraye ne, daga Dubai, daga Amurka, daga Japan. Wasa za ta yi lafiya lau, amma in ta mutu ba wanda za ka kai wa a nan ya ce garantin Amurka ya hau kansa.

Haka ƙarin garantin Amazon ko Best Buy. A cikin sharuɗɗan za ka ga an kafa shi a kan ƙasar da aka saya. Wanda zai sayo ya kawo gida, kada ya taɓa shi, kuɗi ne zai zuba a inda ba zai iya ɗebowa ba.

Sadiq_Tarauni:
To Alhaji, in mutum yana da ɗan'uwa a can fa? Ba za a iya aika masa ya kai musu ba?

Alhaji_MaiKaya:
PS5 ta farko mai faifai ta kai kilo huɗu da rabi, ban da kwali. Lissafa kuɗin aikawa da na dawowa da na kwastam, ka ƙara makonnin jira da yiwuwar ta fashe a hanya. Kusan kullum ya fi kuɗin gyara a nan. Kuma in fom ɗin ya tambayi inda ake amfani da ita aka rubuta adireshin ɗan'uwa, an shiga maganar da ba gaskiya ba. Ba na ba kowa shawarar haka.

Mai_Dalma:
Bari a zo kan tambayar farko, me ke lalacewa. A teburin masu gyara, bakin HDMI, inda wayar talabijin ke shiga, shi ne kan gaba. Ƙananan ƙafafu 19 ne a cikinsa. Ana jan waya a karkace, ko a ɗauki na'urar wayar tana jiki, ko a cusa ta ta baya ba a gani, sai ƙafa ta lanƙwashe ko dalmar da ta riƙe bakin ta saki. Alamarsa a PS5: fitila ta yi fari, fanka na juyawa, talabijin ba hoto. Wani lokaci bakin lafiyarsa ƙalau, IC, wato ɗan guntun lantarkin da ke bayansa, ne ya ƙone, Panasonic MN864739, kuma yawanci wuta ce ta biyo ta wayar daga talabijin ko tsawa.

Abin lura a nan shi ne karyewar bakin HDMI ba aibin ƙira ba ne a wurin kamfani, ɓarnar hannu ce. Garantin shekara ɗaya bai ɗauke ta ba, ƙarin garanti na gama-gari ma bai ɗauke ta ba. Sai wanda aka rubuta a fili cewa ya haɗa da haɗari, wato faɗuwa da karyewa da zubar ruwa. Wato abin da ya fi kawo na'ura wurin gyara yana wajen takardar da aka fi sayarwa.

Bayansa sai sashen wuta, sai zafi saboda ƙura, sai mai karanta faifai, musamman in yara sun cusa masa kati ko tsabar kuɗi. Shi ma wannan ɓarnar hannu ce.

Hauwa_Houston:
Ni ban yarda a yi wa kowa hukunci ɗaya ba. Abin da Mai_Dalma ya faɗa ma hujja ce ta saye, in dai mai haɗari ne kuma mutum yana zaune a ƙasar. Gidan da ke da yara ƙanana ba ɗaya yake da ɗakin baligi shi kaɗai ba. Switch kuma ba a kan teburi take zaune ba, tana yawo a jaka da mota da gado. Gilashinta yana fashewa, layin da Joy-Con, wato hannun wasanta, ke shiga yana karyewa, bakin USB-C yana sassautawa. Duk ba aibin ƙira ba ne. Microsoft ma yana sayar da nasa a wasu ƙasashe, Microsoft Complete, wanda ya haɗa da faɗuwa da ruwa. Amfanin na kamfanin da ya ƙera shi ne ba wanda zai riƙa tura ka tsakanin ofis biyu.

Injiniya_Bala:
Hajiya Hauwa, na yarda Switch a hannun yaro batu ne daban. Amma a yi lissafi kafin a biya. Ga misali kawai, ba farashin wani shago ba: a ce na'ura dala 500 ce, garantin dala 60, gyaran da aka fi yi dala 120. In gyara ne abin tsoro, sai yiwuwar lalacewa ta kai rabi kafin kuɗinka ya dawo. In mutuwa ce gaba ɗaya, sai ta kai 12 cikin 100 a cikin shekarun da aka rufe. Kamfanin da ya sa farashin ya fi mu sanin ainihin adadin, kuma ya sa shi yadda zai biya diyya, ya ba shago kamashonsa, ya ci riba. In akwai kuɗin da kai za ka fara biya duk lokacin da ka kai ƙara, lissafin ya ƙara karkata.

Hauwa_Houston:
Lissafin gaskiya ne ga wanda zai iya fitar da dala 500 gobe in ta mutu. Wanda ya shekara yana tarawa ba matsakaicin lissafi yake dubawa ba, yana duba ko zai iya jure bugu ɗaya ne. Wannan ma hankali ne, ba wauta ba.

Zaki_360:
Ana manta tarihi. Xbox 360 ta fito a 2005 da garantin kwana 90 kacal a Amurka. Sai ga jan zobe, fitilu uku ja a kewayen maɓallin kunnawa. Dumama da hucewa kullum suna karya haɗin da ke ƙarƙashin guntun hoto, kuma da yawa sai bayan an daɗe ana amfani suke mutuwa. Wannan ya karya maganar cewa aibin ƙira da wuri yake nunawa. Wanda ya sayi samfurin farko na kowace na'ura shi ne ɗan gwaji.

Baffa_Manchester:
Zaki, ka ƙarasa labarin. A ƙarshen 2006 Microsoft ya mayar da garantin shekara ɗaya, a Yulin 2007 ya mayar da shi shekara uku ga matsalar jan zoben, ya ware sama da dala biliyan ɗaya, har ya mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗin gyara kuɗinsu. Haka Joy-Con da sandarsa ke motsa wasa ba a taɓa ta ba: tun 2019 Nintendo ke gyarawa kyauta a Amurka, a 2023 kuma ya amince da haka a Turai ko da garanti ya ƙare. In aibi ya game kowa, matsin jama'a da hukumomi ne ke sa kamfani ya biya. Wanda ya sayi ƙarin garanti bai fi wanda bai saya ba a nan.

Zaki_360:
Bayan an daɗe ana kuka fa. Kuma masu PS3 da fitilarsu ta yi rawaya ba su samu irin wannan sassaucin ba. Ba kullum kamfani ke amsa laifinsa ba.

DanGidanGem:
Gargaɗi ga masu gidan gem, domin su ne suka fi sayen na'ura uku ko biyar a lokaci guda. Garantin kamfani na amfanin gida ne. An rubuta ƙarara cewa bai shafi amfanin kasuwanci ko haya ba, kuma masu ƙarin garanti su ma haka suke rubutawa. Na'urar da ke aiki daga safe har dare ana karɓar kuɗin wasa a kanta ta fita daga ciki. A gidan gem kuma ba na'urar ce ke cin kuɗi ba, hannun wasa ne. Sandar analog da maɓallin R2 da bakin caji. Abin da ke aiki shi ne ware wani kaso daga cinikin kowace rana na gyara, da ajiye hannu biyu na ko-ta-kwana.

Mai_Dalma:
Tunda an ambaci hannu. Dalilin da analog ke tafiya da kansa shi ne a cikin DualSense, wato hannun PS5, da hannun Xbox akwai ƙaramin ƙarfe da ke goga a kan layin gawayi don auna inda sanda take. Goga yau goga gobe layin ya cinye, ƙura ta shiga, sai ya fara ba da karatun ƙarya. Kamfanin ALPS da ke ƙera shi ya ƙiyasta masa juyi miliyan biyu, mai wasan ƙwallo ko harbi kullum yana cinye wannan da sauri. Fesa masa ruwan goge lantarki yana ba da sauƙi na ɗan lokaci. Gyaran gaske shi ne a cire shi duka, wurin dalma 14 ne, a sa sabo. Akwai mai aiki da maganaɗisu wanda ba ya goga komai, ya fi daɗewa, sai dai dole a daidaita tsakiyarsa da kwamfuta bayan an sa, in ba haka ba zai ja gefe tun ranar farko.

A Amurka DualSense shekara ɗaya ne garantinsa. In akwai wurin da ƙarin garanti zai iya biyan kansa, a kan hannu ne, musamman masu tsada irin Elite na Xbox, in dai takardar ta ce ta ɗauki lalacewar yau da gobe. Da yawa ba su ɗauka. DualSense Edge kuwa an yi shi yadda za ka zare analog ɗin ka sa wani ba tare da dalma ba.

Malam_Tijjani:
Ku gafarce ni in karkata kaɗan. Ta fuskar shari'a ya abin yake? Ai kana biyan kuɗi ne a kan abin da ba ka san zai faru ko ba zai faru ba.

Ustaz_Kabiru:
Malam Tijjani, malamai sun yi magana a kai. Garantin da ya zo tare da kaya cikin farashinsa ba a cika samun saɓani a kansa ba, domin bin ciniki yake yi. Wanda ake saya daban da kuɗinsa na kansa, musamman daga wani kamfani na uku, malamai da yawa na zamani sun haɗa shi da inshorar kasuwanci saboda gararin da ke ciki. Wasu sun sassauta in mai sayarwa ne da kansa ya sa shi cikin ciniki ɗaya a lokacin saye. Wanda abin ya dame shi ya kai takardar sharuɗɗan ga malamin da ya amince da shi, domin hukuncin yana bin yadda aka tsara yarjejeniyar.

Sparky_Kaduna:
A koma kan wuta, domin ita ce babbar mai kisa a nan, kuma garantin kamfani bai ɗauki ɓarnarta ba. PS5 da Xbox Series sashen wutarsu yana ciki, kuma yana karɓar 100 zuwa 240, amma kowa ya karanta abin da aka rubuta a jikin tasa kafin ya jona. Tsofaffin Xbox 360 da Xbox One na farko masu tubalin wuta a waje ba haka suke ba. Tubalin Amurka na 110 ne, ka sa shi a soket ɗinmu na 230 nan take ya tafi.

Abin da ke ƙona su ba ƙarancin wuta kaɗai ba ne. Akwai bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta, akwai na sauyawa daga janareto, akwai kuma mafi muni, tsinkewar wayar nutural a layi, inda wutar gida kan iya haurawa kusan 400. Maganinsa na'urar tsaro mai yanke wuta in ta yi sama ko ƙasa, mai jinkiri kafin ta sake saki, irin wadda ake sa wa firji da talabijin. Bayanta sai UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke. PS5 tana jan wajen wat 200 a wasa mai nauyi, babban talabijin ya ƙara 100 ko fiye. UPS mai 650VA ainihin ƙarfinsa bai kai wat 400 ba, ya yi matsi. A nemi 1000VA zuwa sama, mai fitar da wuta sumul irin ta inbata mai kyau. Talabijin ma dole ya bi ta cikin kariyar, in ba haka ba bugun zai zagayo ta HDMI kamar yadda Mai_Dalma ya ce. In hadari ya haɗo a cire filogi da wayar intanet.

Kuɗin ƙarin garanti in aka sa shi a nan, ya fi tsare na'urar.

Zaki_360:
Amma ai Microsoft da kansa ya ce a jona Xbox kai tsaye a bango, domin tana da kariyar bugu a ciki.

Sparky_Kaduna:
Ya faɗa, amma da wutar da ba ta rawa ya yi lissafi. Kariyar cikin ɗan ƙaramin abu ne mai shanye bugu na ƙiftawar ido, kuma duk bugun da ya shanye yana rage masa ƙarfi. Ba zai iya da wutar da ta hau ta zauna a sama na daƙiƙoƙi ba. Abin da gargaɗin ke gudu shi ne araha-arahar ekstenshan masu sassauta filogi. Wannan kam a guje shi.

Hauwa_Houston:
A nan ma akwai bambanci. Wasu tsare-tsaren ƙarin garanti a Amurka suna ɗaukar ɓarnar bugun wuta tun daga ranar farko, abin da na kamfani ba ya yi. A duba wannan layin a takarda.

Ummi_Switch:
Abin da ba wanda ya ambata: garanti ba ya dawo da wasanka. Sau da yawa ba taka za a gyara ba, wata da aka sabunta za a ba ka, ko a ba ka katin sayayya na shagon. Ma'ajiyar PS5 a manne take da bod, wato babban allon lantarkinta, in bod ya mutu abin da ke ciki ya tafi. Ajiyar wasannin PS5 ba ta kwafuwa ɗaya-ɗaya zuwa filash kamar ta PS4, sai ta PlayStation Plus ko a yi wa na'urar duka kwafi. Xbox tana ajiyewa a intanet kyauta. Switch sai da Nintendo Switch Online, kuma wasu wasannin irin Pokémon ba sa shiga ciki.

Game da Switch kuma, batirinta Nintendo ya ce bayan caji wajen 800 ƙarfinsa yana sauka zuwa kusan kashi 80. Wannan tsufa ne, ba a ɗaukarsa a matsayin lalacewa. Babban mai kashe ta shi ne caja da tashar ɗorawa na bogi, suna ƙona IC ɗin caji mai lamba M92T36. In aka gano da kayan da ba nata ba aka yi, za a iya ƙin biya.

Baffa_Manchester:
Masu katin bashi na Amurka su duba takardar katinsu kafin su biya komai. Wasu katunan American Express da Visa suna ƙara shekara ɗaya a kan garantin kamfani kyauta in da katin aka sayi kayan. Rasit da takardar banki kawai ake nema.

Sadiq_Tarauni:
Na gode ƙwarai. Saura na gida. Wata shidan mai shago fa, a ƙara masa kuɗin?

Alhaji_MaiKaya:
Ya danganta da abin da ya yarda ya rubuta. In a baki ne, kada ka ƙara ko kwabo. A jikin rasit a sa lambar jikin na'urar, ka tabbatar ita ce a kan kwali. A sa ranar farawa da ranar ƙarewa. A sa abin da za a yi in ta lalace: gyara ne, canji ne, ko kuɗi. A sa wanda zai biya kayan gyara, domin wasu aikin hannu kaɗai suke nufi. A sa kwana nawa za ta yi a wurinsu. Kuma ka tambaya tun yanzu yadda za a bambance ɓarnar wuta da aibin na'ura, don a nan rigima take tashi, kowace mutuwa sai a ce wuta ce.

Ga tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, gwajin cikin shago ya fi kowace takarda. A sa wasa mai nauyi ya yi minti talatin zuwa awa ɗaya, ka saurari fanka, ka ga ko za ta kashe kanta. A sa faifai ya shiga ya fita ya karanta. A gwada duk bakin USB. A girgiza wayar HDMI a hankali a ga ko hoto zai ɗauke. A haɗa ta da intanet a shiga asusu, domin akwai waɗanda Sony ya toshe, wannan kuwa ba mai gyaran da zai buɗe. A duba sukurori ko an taɓa kwance su. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ka haƙƙi a kan kayan da ya zo da aibi, ana kuma kai ƙorafi hukumar FCCPC, amma ba rasit ba magana.

Mai_Dalma:
Ni a kan tokumbo ina ganin wata shidan yana da daraja fiye da yadda Alhaji ya nuna, in shagon yana da mai gyara na ƙwarai. Dalilina ruwan ƙarfe ne. PS5 ba man sanyaya na yau da kullum ke kan guntunta ba, ruwan ƙarfe ne, kuma lantarki yana bi ta cikinsa. Ko bakin HDMI za a canza sai an ɗaga bod daga kan ƙarfen sanyaya. Wanda bai iya ba, ɗigo ɗaya ya zuba a kan ƙananan kayan gefe ya kashe ta. Wanda ya goge shi ya shafa man kwamfuta kuma, za ta riƙa zafi tana kashe kanta. Mai karanta faifai na samfurin farko ma ɗan allonsa a ɗaure yake da bod, in za a canza sai an ɗauke tsohon allon an mayar a kan sabon. Na'urar da ta riga ta bi ta hannun wanda bai san waɗannan ba tana iya cin gwajin awa ɗaya ta mutu bayan wata biyu.

DanGidanGem:
Buɗe ta don share ƙura yana karya garanti?

Injiniya_Bala:
Zare fararen murafen PS5 ba ya karyawa, Sony ma ta nan ya ce a sa ƙarin ma'ajiya ta M.2. A samfurin farko akwai ramuka biyu na tara ƙura a ƙarƙashin murfin, a zuƙe su da injin shara mara ƙarfi bayan an cire filogi. In za a hura fanka a riƙe ta da yatsa kada ta yi ta juyawa. Shiga can ciki shi ne matsala. A 2018 hukumar kasuwanci ta Amurka ta gargaɗi Sony da Microsoft da Nintendo cewa sitikar nan mai cewa in an cire garanti ya ɓaci ta saɓa wa dokarsu ta 1975, amma wannan a Amurka ne, kuma ko a can in kai ka ɓata abu garin buɗewa ba su biya. Mai shagon gida kuwa in ya ga an taɓa sitikarsa magana ta ƙare.

Sony ya ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35, a bar mata aƙalla santimita 10 daga bango. Ɗakin da ba sanyi a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu yana wuce haka, ga ƙurar hunturu. Kada a kulle ta a cikin kabad. Kyankyasai ma suna son ɗumin sashen wuta, kuma ɓarnar ƙwari tana cikin abubuwan da takardun garanti ke cirewa.

Hauwa_Houston:
Malam Sadiq, ni dai har yanzu ina kan bakata ga wanda ke zaune a ƙasar da ya saya, yana da yara, kuma takardar ta ce haɗari a fili. A nemi cikakkun sharuɗɗan kafin a biya, ba ɗan bayanin da ke kan allo ba. Yawancinsu suna ba da kwanaki bayan saye da za a iya ƙarawa ko a soke a karɓi kuɗi, don haka ba dole ba ne a yanke shawara a gaban mai karɓar kuɗi.

Injiniya_Bala:
Ga Switch na bi ki, Hajiya. Ga PS5 da Xbox da ke zaune wuri ɗaya ban bi ba, ko da yara. Ɗan guntun ƙarin wayar HDMI da zai zauna a jikinta dindindin, a riƙa cirewa da sawa ta ɗaya bakin, ya rage wa bakin nata wahalar da ta fi kai ta wurin gyara.

Mai_Dalma:
A tabbatar guntun na HDMI 2.1 ne, in ba haka ba hoton 4K mai sabuntawa sau 120 a daƙiƙa zai riƙa ɗaukewa. Kuma a ɗaure shi a jikin teburi, kada nauyin doguwar wayar ya rataya a kansa.